Ranar da Kwamfuta Ta Yi Gum: Gyaran Sauti Bayan Sabunta Babbar Manhaja

(Kiɗan buɗe shiri)

  

Yau da labarin gida zan fara. Ina da ƙanwa, malamar firamare ce, tana da wata tsohuwar kwamfutar tafi-da-gidanka irin 'yan gwanjon nan da ake shigo mana da su daga Turai. Da ita take kunna wa 'yan ajinta darasin Turanci su ji yadda ake furta kalmomi, da dare kuma 'ya'yanta su saurari karatun Alƙur'ani a kanta. Wata Asabar babban ɗanta ya ɗora wa kwamfutar sabuwar babbar manhaja, ya raba dare yana jira ta gama. Da gari ya waye komai ya tashi lafiya lau. Allo fes, fayilolinta duk suna nan, intanet yana aiki. Sai sauti. Ta danna karatu, ga ɗan layin nan yana tafiya, ga daƙiƙoƙi suna ƙirguwa, amma ko ƙis ba a ji.

Ta ɗauka ta kai wa wani mai gyara. Ya jujjuya ta, ya kanga kunne, ya ce ko dai lasifika ta ƙone, ko kuma ɗan guntun da ke kula da sauti a jikin bod ya mutu, sai an buɗe an gani. Ya yanka mata kuɗi, kuɗin ya fi ƙarfinta. Tana tsaye a bakin shagon ta kira ni.

Ta ce, "Yaya, kwamfutar nan fa ta yi gum. Wai sai an buɗe ta."

Na ce, "Jiya da yamma tana magana?"

Ta ce, "Ƙwarai kuwa. Da ita yara suka yi muraja'a bayan magariba."

Na ce, "Ta faɗi? Ruwa ya zube mata?"

Ta ce a'a. Na ce to kada ki bari a kwance ko noti ɗaya, kawo ta gida.

Masu sauraro, tambayoyin nan da na yi mata su ne ginshiƙin shirinmu na yau. Lasifikar da ta yi magana jiya, ba ta faɗi ba, ba ta jiƙe ba, da wuya a ce ta zaɓi daidai daren da aka canza manhaja ta ƙone. Abin da aka taɓa shi ake fara tuhuma. Manhaja aka taɓa, don haka can za mu fara leƙawa, kuma daga abin da ba ya cin ko kwabo za mu faro, mu bi a hankali har mu kai ga mai cin kuɗi in ta kama.

A cikin kowace kwamfuta akwai wani ɗan guntun ƙarfe, bai kai farcen ɗan yatsa girma ba, aikinsa ya karɓi lambobi ya mayar da su sautin da lasifika za ta fitar. Kamfanin da sunansa ke jikin murfin kwamfutarka, ko HP ko Dell ko Lenovo, ba shi ya ƙera guntun nan ba, saye ya yi. Mafi yawa daga Realtek suke fitowa, wani kamfanin ƙasar Taiwan mai tambarin ƙaguwa. A tsofaffin kwamfutoci kuma za ka tarar da na Conexant ko na IDT. To shi guntun nan yarensa daban, na Windows daban. Sai an sa tafinta a tsakani, kamar yadda ake yi a asibiti idan likita da majinyaci ba sa jin harshen juna. Tafintan nan wata 'yar ƙaramar manhaja ce, masu gyara suna ce masa direba. Ran da aka ɗora sabuwar Windows, ɗayan abu uku kan faru: ko ta sallami tsohon tafinta ba ta kawo wani ba, ko ta bar shi alhali ba ya gane sabon yarenta, ko ta kawo wani da aka horar don wata kwamfutar daban. Duk wanda ya faru, guntu lafiyarsa ƙalau, lasifika lafiyarta ƙalau, amma magana ta yanke.

Matsalar nan ta ƙaru, kuma akwai dalili. Ranar 14 ga Oktoban 2025 kamfanin Microsoft ya daina bai wa Windows 10 kulawar da ya saba ba ta tun fitowarta a 2015, sai jama'a suka yi ca a kan Windows 11. Alhali da yawa daga cikin kwamfutocin da ke hannunmu, da Windows 7 suka baro kamfani, shekara goma sha wani abu ke nan. Waɗanda suka ƙera su ba su taɓa rubuta musu direban Windows 11 ba, kuma ba za su rubuta ba. Ita ma Windows 11 tana da sharuɗɗan da tsofaffin ba su cika ba, sai dai yaranmu sun iya zagaye sharuɗɗan su ɗora ta da ƙarfi. Takan hau, takan yi aiki, amma wanda ya bi wannan hanya ya san cewa shi zai riƙa nemo wa kansa tafinta.

Kuma kada wani ya ɗauka tsofaffin kwamfutoci kaɗai abin ke samu. A watan Oktoban 2018, an yi kuskuren tura wani direban sauti na kamfanin Intel ta hanyar Windows Update zuwa kwamfutocin da ba nasu ba ne. Mutane a ƙasashe daban-daban suka wayi gari babu sauti. Cikin 'yan kwanaki Microsoft ya fitar da gyaran da ya cire direban, sauti ya dawo, ba a canza wa kowa lasifika ba. Haka a 2020, da sabon zubin Windows 10 na watan Mayu ya fito, an gano yana karo da wasu direbobin Conexant har kwamfuta ta riƙa nuna shuɗin allon nan tana mutuwa. Sai Microsoft ya hana zubin isa ga kwamfutocin da ke ɗauke da direbobin, kusan shekara guda, har aka shawo kan lamarin. Akwai darasi a nan da nake so a riƙe: idan ka ga na maƙwabcinka ta sami sabon zubi taka ba ta samu ba, wataƙila da gangan aka riƙe maka shi. Kada ka je ka nemo shi a falash ka tura da ƙarfi.

(Gajeren kiɗa)

To mu zauna gaban kwamfutar. Wanda tasa ke kusa ya jawo ta, wanda ba ta kusa ya ɗauki biro da takarda, don akwai sunayen da zan faɗa da Turanci kamar yadda suke a rubuce a kan allo.

Kafin a je ga direba, a duba abubuwan da ake rainawa. A layin sama na madannai akwai maɓalli mai hoton lasifika, wani lokaci da ɗan haske a jikinsa, hannu kan taɓa shi ba a sani ba. Sannan a ƙasan allo ta hannun dama, kusa da agogo, ka danna hoton lasifika ka ga ina Windows take aika sautin. Sabuwar manhaja kan manta zaɓinka na da. Na sha ganin kwamfutar da ke ta zuba sauti zuwa majigin da aka taɓa haɗa ta da shi ta wayar HDMI, ko zuwa wata lasifikar Bluetooth da ke kunne a ɗaki na gaba, mai ita kuwa yana nan yana salati. Ka zaɓi wanda aka rubuta Speakers.

Sai ka ɗauko iyafis mai waya ka soka. Wannan ɗan gwaji yana da amfani ƙwarai. In ka ji sauti a kunne amma ba ya fita a lasifika, to guntun sauti yana raye, ka kwantar da hankalinka a kansa. In kuwa babu ko'ina, ba a kunne ba, ba a lasifika ba, to alama ta ƙara karkata ga direba, domin ƙonewar lasifika ba ta hana iyafis magana.

Yanzu ga wani abu da mutane da yawa ba su sani ba. Za ka ce wa mutum ya kashe ya kunna, ya ce ai na yi sau biyar. Ka tambaye shi me ya danna, ya ce Shut down. To tun daga Windows 8, Shut down ba cikakken kashewa ba ne a yawancin kwamfutoci. Windows kan tattara halin da direbobi suke ciki ta adana a faifai, don gobe ta tashi da sauri. Direban da ya kwanta a birkice, a birkice zai tashi. Restart shi ne yake sauke komai ya ɗauko sabo daga tushe. Saboda haka Restart za ka danna. In da ragowar sabuntawa da ke jira a Windows Update, ka bar ta ta ƙarasa, domin sau da yawa direban sauti a baya yake zuwa, ba tare da babbar manhajar ba.

In duk wannan bai yi ba, sai mu shiga inda aikin yake. Ka riƙe maɓallin da ke da tambarin Windows ka danna harafin X, jeri zai fito, ka zaɓi Device Manager. 'Yan'uwanmu na Nijar da Kamaru da Cadi da kwamfutocinsu ke da Faransanci, a wurinku Gestionnaire de périphériques aka rubuta. Wannan shi ne rajistar duk wani sashe da ke jikin kwamfutar. Ka gangara zuwa layin da ya ce Sound, video and game controllers, ka buɗe shi. Abu uku za ka iya gani. Ko ka ga sunan Realtek ko Conexant ko IDT yana zaune lafiya. Ko ka gan shi da wata 'yar alama mai kusurwa uku, ruwan ɗorawa, da alamar motsin rai a cikinta. Ko kuma ka tarar babu shi sam, sai can a wani layi mai suna Other devices ka ga wani abu da Windows ta kasa ba shi suna. In akwai alamar ruwan ɗorawa, danna sunan sau biyu, za ka ga lamba. Code 28 na nufin babu direba kwata-kwata. Code 10 na nufin akwai direba amma ya kasa tayar da na'urar.

A cikin wannan tagar akwai shafi mai suna Driver, a cikinsa kuma akwai Roll Back Driver, wato mayar da direban da ya gabata. In yana dannuwa, danna shi, shi ne magani mafi sauƙi. Bayan babbar sabuntawa sau da yawa za ka same shi a dushe ba ya dannuwa, saboda Windows ba ta ajiye tsohon ba. To sai ka danna Uninstall device, ka sa alama a ɗan akwatin da ke tambayar ko a cire direban gaba ɗaya, sannan ka yi Restart. Kada ka ji tsoro. Ba guntun ka cire ba, tafinta ka sallama, kuma in Windows ta tashi za ta nemo wani da kanta.

In ta sake ɗauko wanda ba ya aiki, ga dabarar da ta ceci ƙanwata, ina roƙon a saurara da kyau. A 2004 kamfanin Intel ya fito da wani tsari na bai-ɗaya mai suna High Definition Audio, masu ƙera guntun sauti suka bi shi. Saboda haka tun daga Windows Vista, Microsoft yake saka wani direba na kowa-da-kowa a cikin Windows, wanda ke jin yaren kusan duk guntun da ya bi tsarin. Yana nan cikin kwamfutarka yanzu haka, ba ya buƙatar ko megabait ɗaya na data. Ka danna sunan na'urar da ɓangaren dama na maus, ka zaɓi Update driver. Kada ka zaɓi na sama da ke cewa ta nema da kanta, don za ta ce maka wanda kake da shi ya fi kowanne. Ka zaɓi na ƙasa, Browse my computer. Sai kuma Let me pick from a list. A jerin da zai fito, ka zaɓi High Definition Audio Device. Gargaɗi zai fito, ka danna Yes.

A ranar, muna zaune a tsakar gida a kan tabarma, kwamfutar tana kan cinyata, ƙanwata ta leƙo ta kafaɗata, ƙaramin ɗanta yana riƙe da wayar caja don soket ɗin ba ya kamawa sosai. Hoton lasifikar da ke kusa da agogo yana ɗauke da jan tambari, in ka kai maus kansa sai ya rubuta cewa babu na'urar sauti a kwamfutar. Ina danna Yes allo ya ɗan ƙifta, jan tambarin ya ɓace. Ashe tun safe ta ƙure ƙarar har ƙarshe, karatun kuma yana nan a buɗe. Sai muryar mai karatu ta cika gidan gaba ɗaya, yaron ya zabura ya saki waya. Ita kuwa ba ta ce komai ba sai alhamdu lillahi, ta maimaita har sau uku. Duka-duka aikin bai kai minti 15 ba.

Amma gaskiya ɗaya ce, direban kowa-da-kowa yana da iyaka. Wataƙila ƙarar ta ɗan ragu, ko ka rasa ƙarin amon da direban kamfani ke bayarwa. Kuma a sababbin kwamfutoci ba kullum yake wadatarwa ba. Da yawansu suna da wani ƙarin sashe mai suna Intel Smart Sound Technology, za ka same shi a layin System devices, sauti ta cikinsa yake bi, musamman na makirfo. In shi ne ya sami matsala, ko ka shekara kana canza direban Realtek ba abin da zai motsa. Irin waɗannan sai an ɗauko cikakken direba daga kamfanin da ya ƙera kwamfutar.

Kamfanin kwamfutar fa na ce, ba na guntun ba. Guntu iri ɗaya kan shiga kwamfutoci ɗari, amma kowane kamfani da yadda ya ja wayoyinsa zuwa lasifika da makirfo da ramin iyafis, kuma direban da ya daidaita da hannunsa shi ne ya san wannan. Ka kifa kwamfutarka, akwai lamba a ƙasanta. A Dell ana ce mata Service Tag, haruffa da lambobi 7 ne. A HP da Lenovo lambar siriyal ce. Ita za ka rubuta a shafin tallafi na kamfanin, ya kawo maka direbobin da suka dace da taka. Na san 'yan gwanjo da yawa takardar ta goge ko ta ɓare. In haka ne, riƙe maɓallin Windows da R, ka rubuta msinfo32, za ka ga sunan samfurin a layin System Model. In kuma ba ka san ma wane guntu ne a ciki ba, koma Device Manager, shafin Details, ka zaɓi Hardware Ids. Za ka ga dogon rubutu, ka nemi inda aka rubuta VEN. In 10EC ne ya biyo baya, Realtek ne. In 14F1 ne, Conexant. In 111D ne, IDT. Wannan lamba ba ta gogewa, daga jikin guntun take fitowa.

In ka je ba ka tarar da na Windows 11 ba, ɗauki na Windows 10, galibi yana hawa, amma ka tabbata na 64-bit ne, domin Windows 11 ba ta da zubin 32. Kuma ka lura wasu direbobin suna da nauyi, sukan haura megabait 100, gara ka jira inda data ke da sauƙi.

A nan zan yi magana da babbar murya. Idan ka rubuta sunan direba a injin bincike, shafuka za su yi ta fitowa da manyan maɓallai masu cewa danna nan, za mu sabunta maka duk direbobinka a lokaci guda. Don Allah ku guje su. Direba ba kamar sauran manhajoji ba ne, can cikin zuciyar kwamfuta yake zama, yana da ikon taɓa komai. Wanda ya ba ka gurɓataccen direba ya karɓi makullin gidanka. Mafi sauƙin abin da za su yi maka shi ne su cika ka da talla su kuma canza direbobin da suke aiki lafiya, ka shiga da ciwo ɗaya ka fito da uku.

(Gajeren kiɗa)

Wani lokaci sautin bai ɗauke ba, lalacewa ya yi. Yana ƙarar-ƙarar kamar ana suya, ko yana yankewa. Mafi yawa ƙawar da ake yi wa sauti ce ta saɓa da sabuwar manhaja. A cikin saitin sauti ka nemi Audio enhancements ka kashe, ka saurara. Wani kuma lasifika lafiya, makirfo ne ya mutu, ana taro ta intanet yana ta magana ba a jin sa. Kafin ka zargi direba, shiga saitin Privacy ka nemi Microphone. Tun daga zubin Afrilun 2018, Windows tana da makunnin da ke hana manhajoji taɓa makirfo, kuma in yana kashe, direba ko na zinare ne ba za a ji ka ba. Akwai kuma wani ma'aikaci da ke aiki a bayan fage mai suna Windows Audio. Ka riƙe maɓallin Windows da R, ka rubuta services.msc, ka nemo shi a jeri, in ya tsaya ka tayar da shi.

To in an bi duk wannan abin ya ƙi, akwai ƙofar komawa baya, amma tana da wa'adi. Bayan ka ɗora sabuwar Windows a kan tsohuwa, ana ajiye tsohuwar a wata folda mai suna Windows.old na tsawon kwana 10. Cikin kwanakin nan, in ka shiga Settings, sashen Recovery, za ka ga inda za ka danna ka koma yadda kake, da direbanka da komai. Kwana 10 na cika, ƙofar ta rufe. Shi ya sa nake cewa duk wanda ya sabunta, a ranar ya gwada lasifika, ya gwada makirfo, ya soka iyafis, kada ya bari sai ranar da zai gabatar da aiki gaban jama'a. Kuma kada ganin foldar nan ta cinye wuri ya sa ka goge ta kafin ka tabbatar komai daidai.

Abin da ke ci mini rai shi ne saurin da ake yi a ce a yi mata fomat. Kalmar nan ta zama kamar maganin kowace cuta a bakinmu. Fomat tana share Windows.old, ta share tsohon direban da wataƙila shi kaɗai ne ke aiki da kwamfutar, in ba a yi hattara ba ta tafi da furojet ɗin ɗalibi da hotunan biki da lissafin shago na shekaru. Bayan duk wannan asara, in Windows ɗin da aka ɗora ita ce dai waccan, direban da ya ƙi jiya shi za ta sake ɗaukowa.

Ba ina nufin lasifika ba ta lalacewa ba. Tana lalacewa, ƙurar hunturu da zafin bazara ba sa raga wa kayan lantarki, ramin iyafis ma kan cushe har kwamfuta ta ɗauka akwai abu a soke alhali babu. Sai dai akwai yadda ake tabbatarwa ba tare da sukudireba ba. Kwamfutocin Dell, in ka danna F12 lokacin da take tashi, akwai gwajin lafiyar kayan ciki. A HP kuma Esc ne sannan F2. Gwaje-gwajen nan ba su dogara da Windows ba. Hanya mafi gamsarwa kuma ita ce a tayar da kwamfutar daga falash mai ɗauke da Ubuntu, wata babbar manhajar da ba Windows ba, ba tare da an ɗora ta ba, gwaji kawai. In ta yi magana a can, an wanke lasifika da guntu, laifin manhaja ne. In can ma shiru, kuma an leƙa BIOS, wato saitin da ake shiga tun kafin Windows ta tashi, an ga ba a kashe sauti daga can ba, to yanzu maganar mai gyara ta fara samun ƙarfi. Ko a nan ma ba dole sai an taɓa bod ba. Akwai ɗan abin sauti da ake sokawa a ramin USB, girmansa kamar falash, da ramin iyafis da na makirfo a jikinsa. Guntun sauti ne cikakke, yana tafiya da direban da ke cikin Windows, kuma kuɗinsa bai kama ƙafar gyaran bod ba.

Ku kuma 'yan'uwana masu gyara, na san da yawanku kuna jin shirin nan a shago. Na ga hannayenku a kan aiki, na ga yaran da ke ɗaga guntun da ido da ƙyar yake gani su mayar da shi daidai. Roƙona ɗaya ne: ku ajiye falash ɗin gwaji a aljihu, kuma duk wanda ya kawo muku kwamfuta marar sauti, ku fara tambayarsa me aka yi mata jiya. Wanda kuka gyara wa cikin minti 10 kuka karɓi ɗan abin da ya dace, shi zai kawo muku 'yan'uwansa. Kuma in aiki ya kai ga sabunta BIOS, ku tabbata batir a cike yake caja kuma a jone, domin wuta ta ɗauke a tsakiyar wannan aiki, kwamfutar gaba ɗaya ce ba za ta tashi ba.

Saura waɗanda ba su riga sun sabunta ba. Ku kuna da damar da ƙanwata ba ta samu ba, ku ajiye tafintanku kafin baƙo ya iso. Ka soka falash, ka buɗe folda a cikinsa ka sa mata suna direbobi. Ka duba harafin da kwamfuta ta bai wa falash ɗin, mu ce E ne. Sai ka nemo Command Prompt, ka buɗe shi ta hanyar Run as administrator, ka rubuta wannan layi. Zan karanta a hankali: pnputil, tazara, /export-driver, tazara, alamar tauraro, tazara, sannan E:\direbobi. Ka danna Enter ka jira. Windows za ta kwafe duk direbobin da kamfanoni suka saka wa kwamfutar, na sauti da na Wi-Fi da na allo, ta zuba su cikin foldar. Ran da sauti ya ɗauke, sai ka koma Update driver, Browse my computer, ka nuna mata falash ɗin, ka sa alama a akwatin da ke cewa ta leƙa har foldojin ciki. Bari in sake karanta layin don masu rubutu: p, n, p, u, t, i, l, tazara, karkatacciyar sanda, export, karan ɗori, driver, tazara, tauraro, tazara, sai harafin falash ɗinka da sunan foldar.

Lokaci ya cim mana. A madadin wanda ya haɗa mana sauti a ɗakin watsa shiri, nake cewa mu kwana lafiya, sai mako mai zuwa idan Allah ya kai mu.

(Kiɗan rufe shiri)